Rim ɗin Land Cruiser a kan Prado

Malam, kana tambaya ko rim ɗin Land Cruiser V8 da ka gani a Panteka zai hau Prado ɗinka. Ba zai hau ba. Na V8 ramin noti biyar gare shi, Prado kuma shida ne, 6x139.7 (wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7), irin na Hilux. Ka nemi na Hilux mai inci 17, amma a ɗaura ɗaya a gaba a juya sitiyari a ga ko zai gogi wani abu kafin ka biya.

Taya kuwa, ka tsaya a mai lamba 265/65R17, duka huɗun iri ɗaya, tunda Prado ƙafafunta huɗu ke ja kullum. Na taɓa sa mai 70 a maimakon 65, wadda ta fi tsayi, saboda lakar hanyar gonarmu ta Kachia, in na karya kwana sai ta riƙa gugar jikin mota.