Na Rubuta Abin da Aka Yi Mini a Gidan Mari, Dangina Sun Ce Tonon Asiri Ne

Assalamu alaikum Anti. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki ne a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun bayan Babbar Sallah, kuma na rasa wanda zan kai wa kukana a cikin dangi, domin da su ne nake rigimar.

Ina da shekara 11 aka kai ni gidan mari, kuma ban fito ba sai da na shekara huɗu a ciki. Laifin da aka ce na yi shi ne gudun makaranta da ɗauke-ɗauke. Ba zan ɓoye miki ba, na taɓa zarar kuɗi daga aljihun rigar Baffa, amma wane irin kuɗi ne zai sa a kira maƙeri ya buga wa yaro ƙarfe a ƙafa? Ina tuna ranar kamar yau aka yi ta. An zaunar da ni a kan wani kututture, maƙerin yana buga marin yana hira da mai gadin ƙofa a kan tsadar gero, ko kallon fuskata bai yi ba. Mu fiye da talatin muke kwana a ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya a kusurwa shi ne makewayinmu, ƙazuwa da kwarkwata kuwa ba a maganarsu. Abinci gayan tuwo ne ko kunu tsararo, alhali duk wata ana karɓar kuɗin ciyarwa daga gida. Dorina ta safe daban, ta yamma daban, ko ka yi laifi ko ba ka yi ba. Abin da manyan ɗaki suke yi wa ƙananan cikinmu da dare kuwa, bakina ba ya iya faɗa, hannuna ne kawai ya iya rubuta shi.

Shekara uku ke nan ina rubutawa. Idan na rufe shago na dawo gida kowa ya yi barci, sai in zauna a zaure da fitilar waya in yi ta rubutu har wani lokaci in ji kiran assalatu. Na cika littafin rubutu na 'yan makaranta guda bakwai. Wani abokina malamin sakandare ya karanta biyu daga ciki, ya ce lallai a buga shi ya zama littafi, har ya yi mini magana da masu maɗaba'a. Daga nan ne maganar ta isa kunnen Yaya.

Yaya ya zo har shago a gaban masu ciniki ya ce ni ne zan tona wa gidanmu asiri, wai ina so in maida Baffa abin nuni da baki bayan ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya ce ƙaddara ce, ya ce in bar wa Allah. Ya ce ai ba don an kai ni can ba da yanzu ina cikin 'yan shaye-shaye a bakin tasha, saboda haka godiya ta kamace ni. Anti, godiya fa ya ce. Shi da yake kwana a kan katifa yana zuwa makarantar boko lokacin da nake jan ƙarfe, shi ne yau yake gaya mini in yi godiya. Sau biyu kacal ya zo duba ni a shekara huɗu, kuma duk zuwan ya ga ƙafata tana ruwa, bai ce komai ba, amma yau bakinsa ya buɗe.

An yi taron dangi a kaina ba tare da an kira ni ba. Gwaggo ta aiko a gaya mini cewa 'ya'yan Baffa mata biyu ba su yi aure ba tukuna, wai littafina zai kore musu manema. Hajiyarmu kuwa ba ta ce kada in buga ba, kuka kawai take yi, ta ce in rufa mata asiri kamar yadda Allah ya rufa mini. To wane asiri aka rufa mini? Ni ne nake yawo da tabo a idon sawuna biyu, har uwar 'ya'yana ta ɗauka ƙunar salansar babur ce, ni ne ba na iya kwana a ɗakin da aka kulle ƙofarsa, ni ne nake zabura idan na ji ƙarar sarƙar janareta. Su ba su ɗauki komai ba, amma su ne suke maganar kunya. Ban sa sunan Baffa don in ci mutuncinsa ba, na sa ne domin shi ya riƙe hannuna ya kai ni. Na sa sunayen yaran da muka zauna tare ma, domin kada a ce ƙirƙira na yi.

Yanzu Yaya ya daina amsa sallamata, kuma ya ce idan littafin ya fito zai sa Hajiya ta yi mini baki. Shin na yi laifi da na rubuta? In ƙona littattafan nan in sami zaman lafiya, ko in buga in rasa dangina? Na gaji da a riƙa ce mini in yi haƙuri, tun ina ɗan shekara 11 nake yin haƙurin nan.

Naki, wani bawan Allah.

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka zuciya. Ɗabi'ata ce in saurari ɓangare biyu kafin in yi magana, kuma na san yayanka da Gwaggonka suna da nasu tsoron, musamman a kan auren 'yan matan nan, domin mun san yadda mutanenmu suke bincike kafin su nemi aure. Sai dai ba zan yi maka rufa-rufa ba: wanda ya ce yaron da aka buga wa ƙarfe shekara huɗu ya yi godiya bai faɗi gaskiya ba. Kada ka ƙona littattafan nan. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka tun yau, ka ajiye na takardar a hannun abokin nan naka malami.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka ba maganar Yaya ba ce. Ka faɗi wata magana a tsakiyar jimla ka wuce kamar ba komai ba, cewa uwar 'ya'yanka ta ɗauka tabon ƙafarka ƙunar salansa ce. Ke nan matar da kuke kwana ɗaki ɗaya, wadda take ganin kana zabura cikin dare, wadda ta shekara uku tana jin ka fita zaure ba ta san abin da kake rubutawa ba, har yau ba ka gaya mata ba, ga shi kuma kana shirin gaya wa duniya. Ka yi tunanin ranar da wata maƙwabciya za ta tare ta a gidan suna ta ce, ashe mijinki ɗan gidan mari ne? Ka ƙi yarda dangi su yanke hukunci a kanka ba tare da kai ba, to kada ka yi wa matarka irin wannan. Ita ce ta fi kowa cancantar ta fara ji, kuma daga bakinka. Idan bakin ya gaza, miƙa mata littafin farko ka zauna kusa da ita har ta gama. Ina kyautata zaton rabin nauyin da kake ɗora wa Yaya nauyin wannan shirun ne da kake ɗauke da shi a cikin ɗakinka.

Masu ce maka giba ce ko tonon asiri su koma Suratun Nisa'i, aya ta 148, inda Allah ya keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Imam Nawawi ma, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, da kukan wanda aka zalunta ya fara, kuma ya sa gargaɗin jama'a daga sharri a ciki. Rufin asiri ana yi wa wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba a yi wa wurin da ake ci gaba da kai 'ya'yan mutane.

Sunaye kuwa wata magana ce daban, kuma a nan ban goyi bayanka ba. Yaran da kuka zauna tare yanzu magidanta ne, wataƙila su ma matansu ba su sani ba, kuma abin da aka yi musu da dare amanarsu ce, ba taka ba. Ka canza sunayensu da garuruwansu, sai wanda ka nema ya ba ka izini da bakinsa. Baffa ma kana iya kiransa da wanda ya riƙe ni, labarin ba zai ragu da komai ba, 'ya'yansa kuma ba su suka kai ka ba. Kafin rubutun ya shiga maɗaba'a ka nuna wa lauya, domin mai gidan marin ko magadansa suna iya shigar da ƙarar ɓata suna. Idan kuwa gidan yana nan yana aiki, kada ka jira littafi, ka kai rahoto ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jiharku.

Bari in juyo gare ku iyaye da kuke karanta wannan shafi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatin bulala. Kafin shekarar ta ƙare an fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya, har Ilorin da Ibadan. Duk mun ga hotunan, mun yi salati, bayan wata biyu muka manta. Waɗancan mutane ba sato su aka yi ba, akasarinsu iyaye da 'yan uwa ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata, suna ganin sun yi gyara. Yaron da yake gudun makaranta ko yake ɗauke-ɗauke tambayarsa ake yi me yake damunsa, wanda ya faɗa shaye-shaye kuwa likita yake bukata, ba maƙeri ba. A ƙasar Ireland an shafe gomman shekaru ana azabtar da yara a gidajen marayu da makarantun horo, ana ƙaryata duk wanda ya yi magana, har sai da waɗanda abin ya shafa suka dage da ba da labarinsu. A 1999 firaministan ƙasar, Bertie Ahern, ya fito ya nemi gafararsu, a 2009 kuma hukumar bincike ta fitar da rahoton da ya gaskata su. Mu a nan ba mu kai ko ga sauraro ba, shi ya sa rubutu irin na wannan bawan Allah yake da amfani.

Ɗana, rashin barci da zabura da kake yi ciwo ne da likitoci suka san shi, kuma yana da magani. Akwai masu duba irinsa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da manyan asibitocin koyarwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Ka je kafin littafin ya fito, domin ranar da mutane suka fara karantawa suna yi maka tambayoyi abin zai taso maka sabo.

Hajiya kuma kada ka ɗauki kukanta a matsayin umarni, tunda kai da kanka ka ce ba ta hana ka ba. Uwar da aka ɗauke wa ɗa shekara huɗu tana gidan miji ba ta da ta cewa, ita ma akwai abin da take haɗiyewa, kuma ina jin tsoronta shi ne a cikin littafin ka ɗora mata laifi. Ka je mata kai kaɗai bayan sallar isha'i, ba tare da Yaya ko Gwaggo ba, ka tambaye ta yadda ta kwana a daren da aka tafi da kai, ka bar ta ta yi magana har ta gama. Amma sai bayan ka gaya wa matarka.