Wa ke da littafi a Holan, marubuci ko mai bugawa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani aboki ne ya ce min wai a ƙasar Holan, a da can marubuci ba shi da iko da littafinsa, na mai maɗaba'a ne. Gaskiya ne? In haka ne yaushe abin ya canza?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi ƙarya ba. A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da Amstadam da Laidin suka yi suna wajen buga littattafai, abin da ake da shi takardar alfarma ce da hukuma ke bayarwa, ta ce wane kaɗai ne zai buga littafi kaza na shekaru kaza. Galibi kuma masu bugawa da masu sayarwa ne ke samun ta, don jarinsu ake karewa. Ko dokar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1803 su ta fi dubawa. Sai da Faransa ta haɗe ƙasar a 1810 ta shigo da tata dokar mai fifita marubuci, sannan a 1817 aka yi wadda ta ba shi haƙƙi tsawon ransa da shekara 20 bayan mutuwa.

To amma samun haƙƙi a takarda daban, riƙe shi daban. Labarin Multatuli ya ishe ka misali, kuma ni dai yana min ciwo sosai. Sunansa na gaskiya Eduard Douwes Dekker, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka ne, ya rubuta Max Havelaar don ya tona zaluncin da ake wa talakawan tsibirin Java na Indunusiya, wadda Holan ke mulka a lokacin. Yana cikin talauci, sai ya sa hannu ya miƙa haƙƙin littafin ga Jacob van Lennep, wani sanannen marubuci kuma lauya da ya ce zai nema masa mai bugawa, shi kuwa ya gutsure sunayen garuruwa da shekaru ya sa ɗige-ɗige a gurbinsu, aka fitar da littafin a 1860 da tsada alhali mai shi so yake a yi bugu mai araha kowa ya karanta. Multatuli ya kai ƙara ya sha kaye, don sa hannunsa na nan. Sai a bugun 1875 ya samu ya gyara abinsa.

Dokar 1881 ta ba da shekara 50 daga ranar bugawa, amma sai ka kai kwafi biyu ma'aikatar shari'a. Ita kuwa yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ƙasashe ke kare marubutan juna, Holan ƙin shiga ta yi har shekara 26. Dalilin a fili yake: ƙaramar ƙasa ce mai yawan karanta fassara, masu bugawa na ɗauko littattafan Turanci da Jamusanci da Faransanci su fassara ba su biya kowa ko sisi ba, ba sa so a toshe musu wannan hanya.

A 1912 Holan ta shiga yarjejeniyar, ta yi sabuwar doka da suke kira Auteurswet, kuma ita ake aiki da ita har yau duk da an sha yi mata kwaskwarima. Babu rajista, da ka ƙirƙiri abu ya zama naka. Ta kuma tanadi cewa ko ka sayar da haƙƙin kana da ikon hana a yi wa aikin lahanin da zai zubar maka da mutunci. Wa'adin shekara 50 ne bayan mutuwa, a 1995 aka mai da shi 70 kamar sauran Tarayyar Turai. Indunusiya ma da wannan doka ta ci gaba har 1982.

Sai dai matsalar kwantiragi ta daɗe ba a taɓa ta ba, kuma a ganina an makara ƙwarai. Sai a Yulin 2015 doka ta ce wanda ya miƙa haƙƙinsa dole a biya shi daidai gwargwado, in aikin ya yi kasuwa fiye da zato zai iya neman ƙari, in kuma kamfani ya ajiye shi bai buga ba zai iya warware kwantiragin ya karɓi abinsa. Amma ka lura, abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa, dokar Holan har yanzu wanda ya ɗauke shi aikin take ɗauka a matsayin wanda ya ƙirƙira, in dai ba su yi wata yarjejeniya daban ba.