Takardar kuɗin Jamus ta 1923 mai talla a bayanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin takardun kuɗi. Kwanan nan na sayi wata ta Jamus, mak miliyan 100 ta shekarar 1923, sai na ga an buga tallar wani kantin takalma a bayanta. Jabu ce, ko kuwa wani ne ya ɓata ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Da wuya takardar ta zama jabu, don kuɗin wancan zamanin sun yi yawan da babu ribar da mai buga jabu zai samu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, bashin yaƙi da diyya sun danne Jamus. Da sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr a Janairun 1923, gwamnati ta riƙa buga kuɗi tana biyan ma'aikatan da suka shiga yajin aiki don nuna ƙin mamayar. Kafin ƙarshen Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Saboda gaggawa, takardu da yawa fuska ɗaya kawai aka buga musu, aka bar bayan fari fat, kuma irin taka tana cikinsu. Da aka fito da sabon kuɗi, Rentenmark, a Nuwamban nan, ana canjin ɗaya a kan tsohon mak tiriliyan ɗaya, sai waɗannan takardu suka zama shara. 'Yan kasuwa suka ga banza ta faɗi: ga takarda mai kyau kusan kyauta, kuma duk wanda aka miƙa wa abu mai kama da kuɗi sai ya juya ya duba. Suka kai maɗaba'a aka buga musu talla. Jam'iyyun siyasa ma sun bi sahu, har da 'yan Nazi da suka riƙa buga kalaman ƙin jinin Yahudawa.

Ke nan darajar abin da ke hannunka tana cikin tallar, kuma nan ne 'yan damfara ke shigowa: su sayi takarda ta gaske da araha, su danna mata hatimi jiya jiya, su ce tarihi ne. Saboda haka tallar za ka bincika. Shafa ta da yatsa a hankali, ko ka haska ta da tocila daga gefe. Injin wancan lokaci danna haruffa yake yi, yakan bar ɗan zurfi a jikin takarda, firintar zamani kuwa ba ta yin haka. Sai ka karanta abin da aka rubuta. In farashin da DM aka sa shi, wato Deutsche Mark, kuɗin da aka fito da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bugun bai girmi 1948 ba. In adireshin yana ɗauke da lambar gidan waya mai alƙalumma biyar, bai girmi 1993 ba. Abin da na fi yarda da shi kuwa shi ne neman sunan kantin a littafin adireshin garin na shekarun 1920. Ɗakunan karatu na Jamus sun ɗora da yawa a intanet. In ka ga sunan mai kantin da titinsa sun dace, ka samu abin kirki, don ka riƙe shaidar wani ɗan kasuwa da ya rayu a cikin wannan masifa ya ci gaba da neman abincinsa.

Don Allah kada ka goge tallar, kada ka yi mata laminetin ko ka sa mata salatif. Ajiye ta a shimfiɗe cikin leda marar PVC (wani nau'in roba ne), nesa da rana da laimar damina, sannan ka rubuta sunan garin da na kantin a wata takarda daban.