Shin Madness ƙungiyar masu ƙin baƙar fata ce?

Tambaya: Ɗana yana karatu a Landan. Ya turo mini bidiyonsa a wurin wasan wata ƙungiyar mawaƙa, wai Madness. Ƙawata ta ce kiɗan 'yan aski ƙwal ne, masu tsanar baƙar fata. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Mutanen nan yau dattawa ne, duk sun haura shekara 60, kuma galibin masu zuwa wasansu iyaye ne da kakanni. A unguwar Camden ta Landan suka fara a 1976, suka watse a 1986, suka dawo a 1992. A 2012 ma a saman fadar Buckingham suka yi wa Sarauniya Elizabeth wasa.

Amma maganar ƙawar taki ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo mini ita. Kiɗan ska, wanda Madness suka tashi da shi, na baƙar fata ne, daga Jamaika ya fito a ƙarshen shekarun 1950, 'yan ci-rani suka kai shi Ingila. Sunan Madness kansa daga waƙar Prince Buster aka aro shi, mawaƙi baƙar fata, mutumin Kingston ta Jamaika, kuma faifansu na farko a 1979 yabonsa suka yi a ciki. Wanda ya tsane ka zai ɗauki sunan waƙarka ya raɗa wa kansa? Kamfanin da ya fitar da faifan, 2 Tone, tambarinsa baƙi ne da fari, domin ƙungiyoyinsa irin su The Specials baƙaƙe da farare ne a dandali ɗaya.

Ba na ce jita-jitar ba ta da tushe ba. 'Yan Madness duk farare ne, kuma a farkon tashensu 'yan jam'iyyar National Front, mai ƙin baƙi da baƙar fata, sun riƙa cusa kansu cikin 'yan kallo, suna ɗaga hannu irin na 'yan Nazi. Abin ya bar wa ƙungiyar tabo. Sai dai mai yaɗa wannan labari a WhatsApp ba zai gaya miki cewa a 1980 mai busa musu saksofon, Lee Thompson, ya rubuta waƙar Embarrassment ba, kan yadda dangi suka juya wa ƙanwarsa baya don ta yi cikin wani baƙar fata. Mai yaɗa labarin ya tsinci rabin zance na sama da shekara 40 da suka wuce, ya hau tura wa iyaye, ko faifai ɗaya bai taɓa saurara ba.

Abin da ya kamata ki tambayi yaron shi ne da wa ya je, kuma ƙarfe nawa ya koma masauki, don irin wannan taro ba ya rabuwa da mashaya.