Tambaya da Amsa: Me ya sa har yanzu ake gwada Einstein?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa an gwada ka'idar Einstein kan ƙarfin janyowa, an tabbatar gaskiya ce. Sai kuma na ji a rediyo wai masana suna sake gwada ta da taurari masu nisa. Me ya rage kuma? (Wata ɗaliba daga Gusau)

Amsa: 'Yata, malaminku bai faɗi ba daidai ba, sai dai yawancin gwaje-gwajen nan kurkusa aka yi su. Einstein ya fitar da ka'idar a 1915. A 1919 masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Najeriya, ya ɗauki hoton husufin rana, aka ga rana ta lanƙwasa hasken taurari daidai gwargwadon lissafin. To, rana maƙwabciyarmu ce. Wannan bai nuna haka abin yake ba a tazarar da haske kan shafe shekaru miliyan ɗari kafin ya ratsa.

A 1998 aka gano sararin samaniya ba faɗaɗa kawai yake yi ba, saurin faɗaɗar ma ƙaruwa yake. Nan masana suka rabu: ko dai akwai wani ɓoyayyen makamashi da ke tura komai waje, ko kuwa ka'idar ce ta gaza a can nesa.

Don a raba gardamar, sai aka duba galaksi. Galaksi, wato tarin taurari biliyoyi irin namu, ba a warwatse suke ba. Inda abu ya ɗan fi yawa tun farko, nan yake janyo na kusa da shi, har a samu cincirindo da zare-zare, tsakaninsu kuma fili fetal. Kowace ka'ida tana da nata hasashen saurin wannan taruwar, shi ake aunawa.

Dabarar awon ce ta fi burge ni. Kin san yadda sautin hon ɗin mota ke yin ƙasa da zarar ta wuce ki? Haka hasken galaksin da ke nisantarmu yake karkata zuwa ja, da wannan ake ƙiyasta nisansa. Amma galaksin da ke gangarawa cikin cincirindo yana da nasa gudun na daban, wanda ke ɗan gurɓata ƙiyasin, sai taswira ta nuna cincirindon a matse. Masanin taurari Nick Kaiser ya yi bayanin wannan a 1987. Matsewar da za a ɗauka aibi ce, ita ke faɗin ƙarfin janyowar.

Na'urar awon hasken galaksi mai suna DESI da ke kan dutsen Kitt Peak a jihar Arizona ta Amurka tana da ƙananan hannuwa 5,000 masu sarrafa kansu, kowane ya saita zaren gilashi mai ɗauko haske kan galaksi guda. A Nuwamba 2024 masu aikin suka fitar da sakamakon nazarin galaksi kusan miliyan 6, wanda ya leƙa baya shekaru biliyan 11, domin hasken mafi nisansu tun lokacin ya taso. Saurin taruwar ya dace da lissafin Einstein.

Kada dai ki ɗauka an rufe magana. Awon nesa bai kai na kusa da rana kaifi ba ko kaɗan, saboda haka ƙaramin saɓani zai iya ɓuya. A Maris 2025 kuma DESI ɗin ta nuna alamar cewa ɓoyayyen makamashin nan yana iya raguwa da tafiyar zamani, sai dai alamar ba ta kai ƙarfin da masana ke yanke hukunci a kai ba tukuna.