Ku Tambaya Mu Amsa: Sabbin littattafai sun iso, yara sun ƙi taɓa su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wani ɗan ɗakin karatu a unguwarmu. An kawo mana sabbin littattafan yara kwali biyu, yawancinsu na Faransanci, kaɗan na Hausa. Na jera su a kanta, amma yara sai su wuce su ɗauki tsofaffin da suka saba da su. Yaya zan zaɓa wa kowane yaro wanda ya dace da shi? Daga wata malama, Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri.

Kada ki dogara da shekarun da aka buga a bayan littafi. Idan daga Faransa ya fito, da yaron da aka haifa cikin Faransanci aka auna shi. Namu da Hausa ko Fillanci ya buɗe baki, da yawansu sai a ajin SIL, wato ajin farko na firamare, suke fara jin Faransanci sosai. Shi ya sa littafin da aka ce na ɗan shekara 8 ne kan gagari ɗan ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, alhali yaron ba daƙiƙi ba ne.

Ga yadda za ki gwada. Ki ja yaron gefe, don a gaban abokansa kunya za ta hana shi nuna gazawa. Ki buɗe masa tsakiyar littafin ya karanta shafi ɗaya a bayyane, duk kalmar da ta tsayar da shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Yatsa biyu ko uku, littafin nasa ne. Idan biyar suka cika kafin ƙarshen shafi, a ajiye masa shi sai gaba. Sannan ki rufe littafin ki tambaye shi da Hausa: "To, me ya faru?" Wannan tambayar ta fi ƙirgen yatsun muhimmanci, domin akwai yara masu zuba Faransanci tiryan-tiryan ba tare da sun san abin da suka karanta ba.

Jerin kanta ma yana da laifi, tunda ƙeyar littafi kawai yaro ke gani. Ki fitar da biyar ko shida ki baje a tabarma ko ƙaramin tebur, bangon yana kallon sama, ki sauya su duk mako. Ki ɗauki ɗaya ki karanta musu na minti goma, kina nuna hotuna, ki tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi ki ce, "Wa zai ara?" Idan hannuwa sun yi yawa, a rubuta sunaye, kowa kwana uku.

Amma kada ki miƙa wa yaro abin da ba ki karanta ba. Hoto ɗaya da bai yi wa uba daɗi ba ya isa a hana yaro zuwa gaba ɗaya. Na Hausa ma a duba, don yawancin ƙagaggun labaran da ke shigowa daga Kano na soyayya ne, na manya.

Yaron da ya koyi baƙaƙe da Faransanci zai yi tuntuɓe a rubutun Hausa: "ci" zai karanta "si", kuma bai taɓa ganin ƙ, ɗ da ɓ ba. Ki rubuta su a allo tare da c, u, sh da ts, ku yi ta maimaitawa kafin ki ba shi littafin.

Tambaya: Na Hausa sun yi mana kaɗan. Ina za mu ƙaro? Daga wani malami, Marwa.

Amsa: Malam, duba African Storybook da Bloom Library a intanet. Akwai labaran yara na Hausa masu hotuna, ana sauke su kyauta. Ka buga a takardar A4 gaba da baya, ka ninka biyu, ka ɗinke tsakiya da zare. Ƙarfen maƙala takarda kan yi tsatsa da damina ya ci shafin. Ka sa bangon kwali, ka lulluɓe da farar leda, kuma ka ɗaga kanta daga ƙasa saboda gara.