Jirginka ya fi allon tsaye amfani a ruwanmu, amma sai ka fara nutsar da shi

Ɗan'uwa, barka da ƙoƙari. Ka ce ka gama haɗa kwalekwale na filawud a tsakar gida a Garwa, tsawonsa ya kusa mita 5, kana tambayar me za ka sa a ciki kafin ka kai shi ruwa, ko kuwa gara ka bar shi ka sayi allon nan da ake hura wa iska a tuƙa a tsaye. Nawa jirgin shekararsa ta bakwai ke nan a tafkin madatsar ruwa ta Lagdo, allon kuma na hau na wani abokina fiye da yadda zan ƙirga.

Kafin ka sayi ko da igiya, kai jirgin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka cika shi da ruwa da gangan. Mutane za su tsaya kallonka, ƙyale su. A nan za ka san abin da ka ƙera. Filawud shi kaɗai ba ya nutsewa, amma in ya cika bakinsa daidai da ruwa yake kwantawa, duk abin da ka kwashe sai ya dawo. Maganin yana kicin ɗin uwargida: jarka mai lita 20 in babu komai a ciki kuma murfinta ya kama, tana ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20. Ɗaya a goshi, ɗaya a baya, in da wuri ka ƙara biyu a ƙarƙashin kujeru. Sai dai a ɗaure su ƙasa-ƙasa tamau. A shekarata ta farko cusa su kawai na yi. Ranar da na kife, jarkokin suka yi tafiyarsu, ni da jirgi muka zauna. Sake cika shi bayan ka ɗaure, ka gwada shiga ka kwashe. In ka iya a gaɓa, to ka fara samun jirgi.

Kujera ita ce kuskuren kowa. Muna yinta da tsayi don gwiwa ta huta, alhali duk yatsa ɗaya da ka ɗaga mazauninka ƙarin rawa ne ga jirgin. Tawa sau biyu na sauke ta, yanzu ba ta wuce taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Katakon gicciye na tsakiya kuwa kada ka cire shi don neman fili, shi ne ke hana gefuna buɗewa, kuma da shi za ku ɗauki jirgin. A ƙasa shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba don gwiwa, domin in iska ta taso durƙusawa za ka yi.

Sauran ƙananan kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Filafili biyu, na biyun a ɗaure. Gorar tura jirgi a wurin da ba zurfi. Galan da aka yanke don kwasar ruwa, shi ma da igiyarsa. Igiya a goshi. Rigar ruwa a jiki, ba a ƙarƙashin ɗuwawu ba.

Abin da ya fi cin jirgi a wurinmu ba ruwa ba ne, rana ce. In da efoksi (gam mai ƙarfi da ake damawa) ka rufe haɗin, sani cewa hasken rana yana cinye shi sai ya yi fari ya fara gari, don haka fenti dole ne, kuma mai haske, kada ka biye wa sha'awar baƙi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, efoksi yakan daskare a cikin gwangwani kafin ka shafa rabi; ka dama kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya. Ƙasan goshi da na baya ka ƙara musu ƙyallen faiba, don nan ne yashi ke goga duk lokacin da ka ja shi gaɓa. In ka dawo, kife shi a inuwa bisa tayoyi.

To, allon. Ni dariya yake ba ni in na ji ana cewa sabon abu ne tuƙi a tsaye. Je ka Kusiri ka ga masunta a kogunan Logon da Shari, ko Buduma a tafkin Chadi da jiragensu na ciyawa. A tsaye kakanninsu suka tuƙa. Abin da ya zo daga Hawai ya bazu a duniya bayan shekarar 2000 shi ne allon kansa. Na hurawa yawanci tsawonsa mita 3 da ɗan kai, faɗinsa wajen santimita 80, nauyinsa kilo 10 ko kusa da haka. Kuma gaskiya yana da daɗi. Ka naɗe shi a jaka, ka ɗaura a bayan babur, ba neman mota ba neman mai kama maka. Jirgina sai mun zama mu biyu. In ka faɗo daga allo hawa kawai za ka sake yi, babu ruwan kwashewa. Daga tsaye kuma kana hango ƙasan ruwa da kututturan da tafkin ya binne tun da aka gama madatsar a 1982.

Amma mutumin da ke tsaye a kan allo shi kansa yana kama iska kamar ƙyallen jirgin iska. Wata safiya cikin hunturu na fita ruwa kwance kamar faranti, kafin hantsi iska ta taso daga gaɓa. Ina tuƙi ina ganin bishiyoyi suna ƙara nisa. Sai da na kwanta rub da ciki na riƙa iyo da hannu, wani masunci ya zo ya ja ni yana tambayata ko ƙofar ɗaki na hau. A kwalekwale da na durƙusa na bi gefe.

Sannan faɗawa ruwa, wadda a ƙasashen da allon ya fito wasa ce, a nan tana da farashi. Gefen tafki mai ciyawa inda ruwa ya kwanta, inda mai koyo zai so ya fara, nan ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsagiya. Mai allo kullum a jiƙe yake. Ga dorina, wadda kai ɗan Garwa ba sai an ba ka labarinta a Binuwai ba. Ba na ce kwalekwale zai tsare ka daga ita ba, tana kifar da wanda ya fi naka. Sai dai a jirgi kana da gudu da gefen da za ka buga ta ji zuwanka, ba ka faɗo mata a ka ba. Tambayi masuntan wurin inda dorinai suke kwana kafin ka shiga, kowace rana, don suna canja wuri.

In ka sayi allon duk da haka, abu biyu. Ana hura shi wajen PSI 15 a ma'aunin ƙarfin iska, kuma in ka bar shi a kan yashi da tsakar rana iskar ciki na kumbura har ɗinki ya buɗe, sai ka rage masa iska ko ka sa shi a inuwa. Igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu kuma ta tafki ce. A kogi mai gudu, musamman in an saki ruwan madatsa da damina, in ta sarƙe a reshe ruwa zai danne ka kuma hannunka ba zai kai ƙafarka ba.

Kai da ka ce kana son ɗaukar yaranka biyu da ƙugiya da kwandon karfasa, allo ba zai yi maka wannan ba. Samo jarkokin nan. In ka shirya gwajin nutsarwar, zo Lagdo ranar Lahadi da sassafe, ina da igiya ta isa.